Kasuwar Ƙauye da Matsayinta a Rayuwar Mutanen Karkara





Ina godiya ga kwamitin da ya shirya waɗannan laccoci saboda damar da ya ba ni in yi magana a kan kasuwar ƙauye. Na san akwai waɗanda za su ce a ransu, me kuma za a gaya mana game da kasuwar ƙauye wanda ba mu sani ba? Suna da gaskiya. Da wuya a sami mutum guda a wannan zaure wanda bai taɓa cin kasuwar ƙauye ba, kuma da yawa daga cikinmu a can aka sayar da akuya ko buhun gero aka biya mana kuɗin makaranta. Sai dai abin da ido ya saba gani kullum shi hankali ya fi rainawa.

Abin da na ke so in tabbatar a yau abu ɗaya ne. Kasuwar ƙauye ita ce ƙofar da manomi ke bi ya mai da guminsa kuɗi. In ƙofar nan ta toshe, ko kuwa aka bar ta a hannun masu zalunci, to duk wani taimako da gwamnati ta kai ƙauye, taki ne ko iri ko rance, ba zai yi wa manomi wani amfanin kirki ba. Mu ma'aikata mun daɗe muna kallon kasuwar ƙauye a matsayin wurin karɓar kuɗin shiga kurum. Ina fata kafin mu tashi za mu yarda cewa ta cancanci a lissafa ta tare da asibiti da makaranta da rijiya.

In na ce kasuwar ƙauye, ina nufin wadda ke ci sau ɗaya ko sau biyu a mako, ta cika da hantsi, ta watse da almuru. Ban da manyan kasuwannin birni masu ci kullum, irin su Kurmi da Sabon Gari a Kano.

Yadda kasuwa ke kafuwa da yadda ranakunta ke zagayawa

Kasuwar birni tana da tarihi a rubuce. Mun san an kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ita kuwa kasuwar ƙauye tarihinta yana bakin dattawa. Amma in mutum ya duba inda kasuwannin nan su ke zaune, zai ga dalilin kafuwarsu. Wata tana mahaɗar hanyoyi, wata a mashigin kogi, wata a tsohon zangon fatake, wata kuma a inda gonakin manoma suka yi iyaka da mashayar Fulani. Ko ina dai wuri ne da mai wani abu zai gamu da wanda ba shi da shi. Kuma umurnin hakimi kaɗai ba ya sa kasuwa ta ci. Shi ya sa a da, in za a kafa sabuwar kasuwa, a kan fara jawo mahauta da makaɗansu, domin nama da kiɗa su ke tara mutane, mutane kuwa su ke jawo 'yan kasuwa.

To, me ya sa ba ta ci kullum? Dalilin lissafi ne. Ƙauye guda ba shi da masu saye da za su riƙe ɗan koli ko mai yadi kwana 7 a mako. In ya zauna wuri ɗaya zai ci uwar kuɗinsa. Shi ma manomi ba zai bar gona kullum ya tafi saye da sayarwa ba. Saboda haka sai aka tara bukatun ƙauyuka da yawa a rana ɗaya, a wuri ɗaya. Gobe kuma ɗan kasuwa ya ɗaure kayansa ya nufi gari na gaba. Kasuwannin da ke maƙwabtaka da juna ba su cika ɗaukar rana ɗaya ba, don kada su raba masu zuwa. Da haka mako ya ke zama kamar zobe, kowace rana da garin da ke da kasuwa.

A ƙasar Hausa zoben nan yana bin mako mai kwana 7 ne, da sunayen ranaku da muka samo daga Larabci. Wannan ya bambanta da na ƙasar Ibo, alal misali, inda makon gargajiya ya ke da kwana 4, kowace rana kuma sunan kasuwa ce. Tsarin ya shiga jinin mutanenmu har ya zama sunan gari. Ga Talatar Mafara a Zamfara, ga Larabar Abasawa da Lahadin Makole a Kano. Kuma har yau baƙauye kan ce, "kasuwa biyu da suka wuce aka yi masa rasuwa," ko kuwa, "zan biya ka kasuwa mai zuwa." Watau kasuwa ita ce kalandarsa.

Kasuwannin nan hawa-hawa ne. A ƙasa akwai ƙaramar kasuwa ta gindin kuka, inda a ke awon kwano biyu ko uku. 'Yan sari su tattara abin da suka saya a nan, su cika buhuna, su kai babbar kasuwar yanki. A sama kuma ga irin su Wudil ranar Juma'a, Dambatta ranar Lahadi, Maigatari da Shinkafi ranar Alhamis, Potiskum ranar Laraba. Daga nan hatsi ya wuce Dawanau a Kano, wadda aka kafa a 1985, shanu kuma su hau mota zuwa Ibadan da Ikko. Wasu daga cikin manyan nan suna bakin iyaka ne. Illela tana fuskantar Birnin Ƙonni, Jibiya tana kan hanyar Maradi, Mai'adua da Maigatari suna kallon ƙasar Damagaram. Ta cikinsu dabbobi da wake ke gangarowa daga Nijar, masara da dawa kuma su haura. Saboda haka kwanon geron da wata tsohuwa ta auna a gindin kuka, mai yiwuwa ne a wata ƙasa za a tuƙa shi.

Shugabanci da amana

Baƙo in ya shiga kasuwar ƙauye sai ya ga kamar hayaniya ce kawai. Alhali kuwa kowane abu da wurinsa. Ga layin masu awo, ga rumfunan 'yan koli, ga maƙera da garemani da fartanyu, ga dukawa, ga masu tukwane, ga mahauta, can gefe kuma ga kara inda a ke cinikin dabbobi. Kowane rukuni da shugabansa. Akwai Sarkin Kasuwa, da Sarkin Fawa, da Sarkin Dillalai, a wasu wurare kuma shugabar mata masu awo ita a ke kira Korama. Su ke raba wurin zama, su sasanta rigima, su tsare baƙo kada a cuce shi.

Ciniki ma yana da ladubbansa. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a yi ta ƙarawa har a sallama. In an sallama magana ta ƙare, ko da wani ya zo da abin da ya fi. A cinikin dabba kuwa dillali ke tsakani, kuma la'adar da ya ke karɓa kuɗin lamuni ce. Shi ya san mai saniya, ya san rugarsu. In daga baya ta bayyana ta sata ce, wuyansa za a kama. Wannan tsari tsoho ne. Baturen nan matafiyi, Clapperton, da ya zo Kano a 1824, ya ba da labarin cewa a kan rubuta sunan dillali a cikin ƙunshin tufa, yadda in an kai ta har Barno aka tarar da aibi, sai a komo da ita a karɓi kuɗi. Haka nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda a ke sayar wa mahauta shanu bashi, ba takarda, sai dai lamunin mai gida da dillalansa. Jarin kasuwarmu na farko, ashe, amana ce.

Shugabannin jihadi sun fahimci wannan. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a cikin Kitabul Farƙi, ya lissafa abin da masu kula da kasuwa ke karɓa daga hannun masu saye da sayarwa, da naman da a ke karɓa daga mahauta ranar kasuwa, a cikin ayyukan zaluncin sarakunan da ya yaƙa. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sa kula da kasuwanni da hanyoyi a cikin wajiban shugaba. Ku lura da abin da malaman nan biyu suka haɗu a kai: hukuma ta gyara kasuwa, kada ta tatse ta.

Ba na cewa kasuwar ƙauye aljanna ce. Akwai mai awon da ke da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Akwai mai buga gindin kwano ya loɓa. Akwai mai algus, ya zuba tsakuwa ko ƙaiƙayi a tsakiyar buhu. Akwai dillalin da ke ɓoye wa mai dabba ainihin kuɗin da aka saya. Alƙur'ani mai girma ya keɓe sura guda, Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da gargaɗi ga masu tauye mudu, kuma kowane almajiri ya haddace ta. Amma wanda duk wannan cuta ta fi faɗawa a kansa shi ne ƙaramin manomi, wanda ya zo daga nesa, ba zai iya komawa gida da kayansa ba.

Kasuwa da shekarar manomi

A nan na ke so in ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar maganar. Bari mu ɗauki wani magidanci mai 'yar gona, mu bi shi shekara guda.

Da kaka ya girbe gero da dawa da wake. A lokacin nan ne duk bukatunsa ke taso masa gaba ɗaya: bashin da ya ci da damina, auren ɗiya, suturar iyali, kuɗin makaranta. Sai ya sussuka dami kaɗan ya kai kasuwa. Amma maƙwabtansa duka sun kai nasu a wannan rana, saboda su ma bukatar ta taso musu. Kaya sun yi yawa, farashi ya faɗi. Wanda ke da kuɗi a hannu ya saya da araha, ya zuba a sito.

Rani ya wuce, bazara ta zo, ruwa ya sauka. Zuwa tsakiyar damina rumbun mutumin nan ya yi ƙasa. Sai ya koma kasuwar nan da ya sayar da hatsinsa, ya sayo shi da tsada, a lokacin da aikin gona ya fi bukatar ƙarfinsa. In ba shi da kuɗi sai ya tafi ƙwadago gonar wani, tasa gonar ciyawa ta cinye ta. Ko kuwa ya ci bashin hatsi da sharaɗin zai biya da ƙari in kaka ta yi. Ta haka talaucin bana ke haifar na baɗi. Wannan shi ne babban ciwon karkara: a sayar da araha da kaka, a saya da tsada da damina.

A da haraji ne ya ke ƙara tura manomi kasuwa tun hatsi bai gama bushewa ba, domin da kaka a ke karɓarsa, kuma da kuɗi a ke biya. A 1979 gwamnatocin Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. An sauke wa talaka kaya, babu shakka. Amma kuɗin taki da na magani da na makaranta sun maye gurbin, saboda haka ciwon yana nan.

Abin da ke tare wa mutumin nan faɗuwa ƙasa warwas shi ne dabba. Akuya da tunkiya da kaza su ne bankin ƙauye, kara kuwa ita ce inda a ke fid da ajiya. Yaro ya kwanta ciwo, a ja akuya kasuwa. An yi haihuwa, a sayo rago. Mace ta tara ribar ƙuli-ƙuli ta sayi tunkiya, ta turke rago don Babbar Salla. To amma bankin nan yana da aibi guda. In fari ya zo, kowa ya kan kai dabbarsa a lokaci ɗaya, ga ta a rame, sai kuɗin dabba ya faɗi, na hatsi ya hau. Haka aka gani a farin 1973 da na 1984. Ina roƙon ma'aikatan gona su riƙe wannan. In kuna so ku san ko yunwa na tafe, ku je kasuwa ku tambayi kwano nawa na gero kuɗin akuya guda zai saya, ku kwatanta da na watan jiya. Kuma in kuka ga an fara kawo tumaki da awaki mata masu ciki, to ku sani mutane sun fara cin jarinsu.

Akwai lokacin da gwamnati ta shiga tsakanin manomi da mai saye. Bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, daga baya kuma aka kafa hukumomin sayen amfanin gona, su ke yanka farashin gyaɗa da auduga, wakilansu su saya a kan sikeli. Manomi ya san kuɗin da zai samu, ko da ya ke sau da yawa abin da a ke ba shi bai kai na kasuwar duniya ba. Fari da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 suka rushe dalar gyaɗa, a 1986 kuma aka soke hukumomin. Tun daga nan galibin abin da ƙaramin manomi ya noma, a kasuwar mako a ke yanka masa daraja.

Abubuwa biyu ke ƙara masa ƙarfi ko su rage a wannan fage. Na farko labari. Wanda bai san farashin Dawanau ba, duk abin da ɗan sari ya faɗa masa shi ne gaskiya. Wata masaniyar tattalin arziki, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da wayar hannu ke shiga garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Ta gano cewa bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100 a inda waya ta isa. Na biyu hanya. Ɗan sari ba ya biyan kuɗin mota daga aljihunsa, daga abin da zai ba manomi ya ke cirewa. In hanya ta lalace, ko gada ta karye da damina, motoci kaɗan ne za su shigo, masu saye su yi ƙaranci, su taya yadda suka ga dama. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, kuma ƙauyen da ya fi nisa da kwalta shi ya fi jin jiki.

Mata da cinikin cikin gida

Wanda ya ƙirga mutanen da ke zaune a rumfuna ya ce ya ƙirga 'yan kasuwa, ya yi kuskure. Matan aure da yawa a ƙasar Hausa ba su zuwa kasuwa, amma kayansu na zuwa. Ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, daddawa, fura, ƙosai, dafaffen rogo, tabarmi da faifai da hulunan da aka ɗinka a tsakar gida, duk ta hannun yara da tsofaffi su ke fita. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta fitar da littafinta a kan karkarar Hausa a 1972, ta nuna cewa hatsi mai yawa a cikin gidaje a ke cinikinsa, ta hannun mata, yara na kai da kawowa. Ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Wannan ciniki kuwa da kasuwar mako ya dogara, domin can a ke saro gyaɗa da kalwa, can ne kuma a ke jin farashin da za a bi har mako ya zagayo. Ribarsa ita ke shiga adashi, ita ke zama kayan ɗakin ɗiya.

Ga kuma matan Fulani da ƙoren nono da man shanu. Su sayar, su auni hatsi, su sayi gishiri da kanwa. Wannan musaya tsakanin mai garke da mai gona ta girmi kowace hukuma da mu ke da ita a yau.

Sai dai akwai farashin da a ke biya wanda ba a gani. Yarinyar da ke ɗauke da tallan uwarta ranar kasuwa ba ta aji. Malaman firamare na karkara sun san yadda aji ke zama ranar da kasuwar garin ke ci. Hana talla da baki ba zai yi magani ba muddin ba a samar wa uwar wata hanyar fid da kayanta ba. Wannan matsala ce da ke bukatar masu ilmi da masu kula da kasuwa su zauna tare.

Kasuwa wurin zumunci

Ba duk mai zuwa kasuwa ne ke da abin saye ko na sayarwa ba. Wani ya zo gaishe da surukinsa ne, wani ya zo biyan bashi, wani ya zo jin labarin ɗansa da ya tafi cin rani. A nan a ke sanar da ɗaurin aure da rasuwa. A nan mai shela ke isar da saƙon hakimi, ma'aikatan lafiya su yi rigakafi, 'yan siyasa su yi yawon neman ƙuri'a. A nan saurayi ke ganin budurwa. Wanzami na gefe, mai gyaran keke da babur na gefe, ga kuma mai cajin waya. Kuma a nan ne ardo da mai unguwa za su haɗu a inuwa ɗaya, a kashe maganar ɓarnar da shanu suka yi tun ba ta kai gaban alƙali ba. Mutanen da ke ciniki da juna kowane mako, ko sun yi faɗa, suna da dalilin shiryawa.

Ranar da kasuwa ta ƙi ci

Hausawa na cewa ba a sanin amfanin abu sai an rasa shi. A 'yan shekarun nan mun ga abin da ke faruwa in kasuwa ta tsaya.

A watan Agusta na 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Aka sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yuli 2023, har zuwa Maris 2024. Kasuwannin bakin iyaka suka yi sanyi, kuma sanyin ya gangaro har kan ƙananan kasuwannin da ke ciyar da su, da 'yan dako, da masu abinci, da direbobi.

A 2021, saboda ta'adin 'yan bindiga, gwamnatin Zamfara ta rufe kasuwannin mako, jihohin Katsina da Sakkwato da Kaduna kuma suka ɗauki matakai makamantan wannan a wasu yankunansu. Hujjar gwamnati ba ta banza ba ce. Ɓarayin daji suna shigo da shanun sata kara, su sayi abinci da mai su koma. Kasuwa kanta ta zama abin hari, kamar yadda aka gani a Goronyo a watan Oktoba na wannan shekara, inda aka kashe mutum fiye da 40. Amma ku dubi abin da rufewar ta yi wa magidancin da muka bi ɗazu. Matarsa na naƙuda, ga akuya a turke, babu inda zai kai ta. Sai mai kuɗi ya biyo shi har ƙofar gida, ba abokin takara, ya taya abin da ya so. Bayan 'yan watanni dole aka fara sake buɗe wasu kasuwannin.

Sa'an nan ga ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan canjin fasalin naira. Kasuwar ƙauye da kuɗi hannu ta ke tafiya. Ƙauyuka da yawa ba banki, wasu ko layin waya mai ƙarfi babu. Sai kaya guda ya zama da farashi biyu, na kuɗi hannu da na turawa ta waya, kuma wanda ya riƙe tsabar kuɗi ya sayi dabba da hatsi a wulaƙance.

Darasin da ke cikin waɗannan abubuwa uku ɗaya ne. An yanke shawara a birni saboda dalilan da ke da nauyi, amma ba a auna abin da za ta jawo a gindin kuka ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Tsarin mulkin 1999, a jadawalinsa na 4, ya ɗora kafa kasuwanni da kula da su, tare da tashoshin mota da mayanka, a kan ƙananan hukumomi. Saboda haka maganata ta farko gare ku ce, ma'aikatan ƙananan hukumomi. Kowace ranar kasuwa yaranku na yanka rasit. Ina so kowannenku ya tambayi kansa, daga abin da aka karɓa bara, nawa ya koma kasuwar? Bukatunta ba su da yawa: rumfa mai inuwa, ruwan sha, makewayi, kwata mai tsabta, magudanar ruwa, da hanyar da mota za ta bi da damina. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Na biyu, a daidaita mudu. A sami ma'auni guda mai hatimin hukuma, a ajiye sikeli a hannun Sarkin Kasuwa inda kowa zai iya gwada buhunsa.

Na uku, a riƙa rubuta farashin hatsi da na dabbobi kowane mako, a aika hedkwata, a kuma karanta a rediyo. Aikin malami guda ne da littafi guda, amma zai faɗakar da gwamnati tun yunwa ba ta shigo ba.

Na huɗu, a taimaki manomi ya daina sayarwa da kaka ala tilas. In akwai sito na jam'iyyar gama kai a bakin kasuwa, inda zai ajiye buhunsa a ba shi ɗan rance a kai, ya sayar in farashi ya tashi, to an karya zoben da na bayyana.

Na biyar, kada a ta da kasuwa ko a rufe ta ba tare da shawarar masu ita ba. Da yawanmu mun ga rumfunan siminti da aka gina a bayan gari suna zaman banza, awaki na kwana a ciki, mutane kuwa na can gindin bishiyarsu ta da. In matsalar shanun sata ce, a ƙarfafa shaida da lamunin dillalai, a rubuta kowace dabba da mai ita, a kai jami'an tsaro ranar kasuwa.

Ku kuma ɗalibai, kuna neman abin da za ku rubuta kundin kammala karatu a kai, alhali ga shi a garinku. Ku je ku zauna da Sarkin Kasuwa da tsofaffin dillalai, ku rubuta yadda aka kafa kasuwarku tun masu labarin na raye. Ku bi buhu guda daga gona har Dawanau, ku ga hannu nawa ya bi, nawa kowane hannu ya ɗauka. Zuwa da kai ya fi aike. Gobe ku ne za ku zauna a kujerun da a ke sa hannu a rufe kasuwa ko a buɗe ta, kuma ina so ranar nan ku tuna da fuskar mai akuya guda.

 Abin da na faɗa daidai Allah ya amfane mu da shi, inda na yi kuskure ya yafe mini. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya sa kasuwanninmu su ci gaba da ci cikin aminci.